Allon da Baba Ya Rubuta wa Matacce

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da injinan da suka riƙe ka. Mu dai alhamdu lillahi. Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi shekara huɗu da suka wuce: hannun dama da ƙafar dama ba motsi, baki ba magana, amma kunne garau. Shi ya sa nake rubuto maka maimakon in zauna jiran ranar da wayarku za ta shiga. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, ko tari na yi sai ya buga sandarsa. Gwaggo tana zuwa da safe ta zauna da shi har in taso daga makaranta, sai dai gwiwa ta fara ba ta wahala. Jiya sau biyu ta huta a matakala.

Magana ta farko, na sake samun gurbin nan na horar da malaman fasaha, na shekara guda. Wannan ne karo na uku da suka ba ni, kuma sun rubuta a ƙasan takardar cewa babu na huɗu. Za a rufe rajista Juma'ar ƙarshe ta wannan zango, mako goma sha ɗaya ke nan daga yau. Ba zan iya tafiya ba sai da mai ɗaga Baba, mai juya shi, mai yi masa wanka. Gwaggo ba za ta iya ba. Mu biyu ya haifa, Yaya, sauran bayanin ba sai na yi ba.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki: sai ka gama haɗa na'urar karanta allon zobba. Tun muna yara Baba yake cewa ya ajiye mana magana a cikin allon nan, ranar da aka kashe tsohuwar kwamfutar ofishinsu aka ce ya kwashe tarkacen. Tun da bakinsa ya rufe ka rantse ba za ka dawo hannu rabbana ba, sai da abin da zai fito mana da maganar. Ni ma ina son in ji ta. Amma na gaji, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Magana ta biyu, an ba ni darasin lantarki na aji biyu a ƙaramar sakandare. Yara hamsin da takwas, kayan aiki kuwa alli ne da tsumman goge allo. Na zana batir har hannuna ya san hanya. Shekaranjiya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wutar nan da kike zanawa tana jan mutum?" Ajin ya yi dariya, ni na kasa. Alhali ga ɗakin Baba a kulle, cike da abin da yaran nan ba su taɓa gani ba. Ina neman izininka in buɗe. Kai ne babba, kai ake bari ka shiga. Ni iyakata bakin ƙofa, in miƙa kofin shayi in juya.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin lafiyarku. Ki gaishe da Baba, ki riƙe masa hannun hagu in za ki faɗa masa, ya fi jin gaisuwa haka. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce ta daina hawa matakalar nan da kaya a hannu. Ni lafiya lau, sai zafin ɗakin inji. Motar kaya sau ɗaya take zuwa tashar da nake aiki a mako biyu, ita ke kawo wasiƙu ita ke kwasa, don haka kada ki ga shiru ki ce na share ki.

Barka da gurbi. Wa ya ga Auta da babbar takarda, wadda a da ko ƙwan fitila ba ta yarda ta canza sai ta sa takalmin roba. Na'urar saura kaɗan. Ki gane, ba taurin kai ba ne. Allon nan zobba ne ƙanana na ƙarfe, an zura musu siraran wayoyi kamar saƙa. Kowane zobe yana riƙe da i ko a'a, kuma yana riƙewa shekara da shekaru ko babu wuta. Amma halinsa ɗaya: karantawa ita ce gogewa. Da ka tambayi zobe abin da ke cikinsa, ya faɗa, shi ke nan ya manta. Dama ɗaya ce. In na'urata ta yi tuntuɓe a tsakiya, maganar Baba ta tafi har abada. Gaggawa aikin shaiɗan ce, ki ƙara min haƙuri.

Ɗaki kuwa ki buɗe, makulli yana bayan agogon bango. Ki ɗebi bawul, waɗannan ƙananan kwalabe masu kama da ƙwan fitila. Ki ɗebi katin huda na tsohuwar kwamfutar, akwai kwali uku. Makunnai ma ki kwasa, yara suna son abin da ke ƙara in an danna. Allon zobba guda biyu ne. Ɗaya shi ne mai maganar Baba, ɗayan ba shi da amfani, shi za ki kai aji. Da kin gani za ki gane. Na gaskiyar kada maganaɗisu ya kusance shi ko da taku ɗaya.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Muna lafiya, Baba ya karɓi gaisuwarka, ya matse min yatsu. Gwaggo ta ce in gaya maka in kana tausayin gwiwarta ka zo ka ɗauki kayan.

Na buɗe ɗakin. Da Baba ya ji ƙarar makulli ya buga sanda sau uku. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a ce shigo, sai da na tuna babu mai cewa. Ɗakin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Teburi ɗaya, kujera mai ƙafa ɗaure da waya, ƙarfen liƙi a kan bulo, tabaransa a ninke inda ya ajiye. Warin darma har yanzu yana nan. Na ɗauki bawul guda na kai masa, ya ɗaga shi saitin taga ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min ya yi nuni da ƙofa. Na ɗauka izini ne.

Yaya, ajin nan ya zama wani aji. Mun shimfiɗa takardar gwangwani, muka ɗora katin huda a kai, muka haɗa batir da ƙwan fitila. In bakin waya ya faɗa huda, fitila ta kama, in ya hau kati ta mutu. Na ce musu da haka kwamfuta take karatu a zamanin kakanninsu. Yarinyar da ta yi min tambayar nan ta huda kati da ƙusa ta rubuta harafin farko na sunanta, ta ƙi yarda a karɓa. Shugaban makaranta ya tsaya a taga har aka buga ƙararrawa, ya manta abin da ya kawo shi. Minti arba'in ne kawai a rana da nake manta cewa ƙarfe biyu sai na kasance a gida.

Na ga allunan biyu. Ɗaya yana cikin akwatin katako mai sheƙi, an naɗe shi da ƙyalle mai laushi, a saman kanta. Ɗayan yana ƙarƙashin teburi cikin tsohon kwali, ƙura ta rufe shi, an manna masa 'yar takarda da rubutun Baba: MATACCE. Ka ce da na gani zan gane, to na gane. Na akwatin ko ƙyallensa ban ɗaga sosai ba. Mataccen zan kai aji ranar Laraba, darasinmu yadda ƙarfe yake tunawa da yadda yake mantuwa. Na ciro babban maganaɗisu daga tsohuwar lasifika don wannan.

Saura mako takwas. Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman ranar zuwanka, na samu labarin zobba, na samu takalmin roba, ban samu rana ba.

Auta

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Direba yana jira na, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Kada ki kai wanda aka rubuta wa Matacce. Shi ne na gaskiyar. In wasiƙar nan ta riga Laraba, ki mayar da shi ƙarƙashin teburi ki kulle.

Halin Baba ne. Ba ya iya kallon idon mutum ya ce a'a. Abokan aikinsa da maƙwabta sun dame shi da aro, wannan ya ari na'urar awon wuta, wancan ya ari ƙarfen liƙi, kuma aro a wurinsu kyauta ce da ba a yi godiya ba. Sai ya ɓullo da dabara. Duk abin da yake ji da shi, sai ya manna masa Matacce ya tura ƙarƙashin teburi. Tarkacen banza kuma ya goge ya sa a akwati mai kyau a sama, mai aro ya ɗauka ya tafi yana murna. Ni nake yanka masa takardun, ni nake shafa gam. Abin ya zame min jiki har ban ga wani abin bayani a ciki ba. Na ɗauka duk wanda ya tashi a gidan nan ya sani. Sai da na karanta wasiƙarki na tuna ba ki taɓa wuce bakin ƙofa ba.

Allah ya sa ban makara ba.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Jikin Baba da sauƙi, ya ɗan yi mura ta wuce. Gwaggo tana gaishe ka. Ni ban san me zan ce game da tawa lafiyar ba.

Wasiƙarka ta iso kwana tara bayan Larabar.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, don kada ka zauna kana saƙa wataƙila. Na fara da ƙusa da waya da batir, na nuna musu ƙusa tana kama allura ko bayan an cire batir. Sannan na fito da allon. Suka yi layi, kowa ya leƙa da gilashin ƙara girma ya ga zobban a jere. Na ce kowane zobe ƙusa ce ƙarama mai tuna abu ɗaya. Sai na ɗauko maganaɗisun lasifika na ce, ga yadda ake sa shi mantuwa. Na goga daga sama har ƙasa. Kowa ya ce shi ma sai ya yi, ni kuma na ce ai matacce ne, ku yi. Yara hamsin da takwas, Yaya, ɗaya bayan ɗaya, wasu har sau biyu. Waya biyu sun tsinke a gefe. Yarinyar nan ta ce, "Malama, ashe ƙarfe ma yana da mantuwa kamar kakata." Na yi dariya har da hawaye. Ban taɓa yin darasi mai daɗinsa ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Na yi kuka na ƙoshi, yanzu haushi nake ji. Da kin gani za ki gane. Da wane ido? Shekara ashirin da tara ina gidan nan, ku biyu kuna ciki kuna dariya, ni ina waje da kofi. Auta kada ki taɓa, Auta wuta za ta ja ki, Auta je ki wasa. Kun ɓoye min komai don kada in ji ciwo, yau ga abin da ɓoyon ya haifa. Ban ce ba ni da laifi ba. Hannuna ne ya fara gogawa.

Ban faɗa wa Baba ba. Ina ba shi abinci ina kallon cokali. Ya lura, jiya ya riƙe bakin hannun rigata ya ƙi saki, sai da na ce tukunya tana kan wuta.

Abin da nake tsoro shi ne wannan. Allon nan shi ne igiyar da za ta jawo ka gida, ni kuma na tsinke ta da hannuna. Saura mako biyar. Ka gaya min gaskiya, akwai sauran abin da zai kawo ka?

Auta

Yaya,

Lafiya muke. Motar kaya ta je ta dawo, na tambaya a gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga nesa. In zagi ne ka rubuto, zan karanta. Shirun nan ya fi zagi nauyi. Saura mako uku. Takardar rajista tana ƙarƙashin matashina, na cike komai ban da sa hannu.

Auta

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da Gwaggo. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, kuma ba fushi ba ne. Na rubuta sau huɗu ina yagawa, mota ta tafi ta bar ni da guntayen takarda.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Na'urar ta kammalu tun shekara biyu da suka wuce. Na gwada ta a kan wani allo da na samo, ta karanta tsaf ba tuntuɓe. Tana ƙarƙashin gadona a cikin kwali. Duk saura kaɗan ɗin da na rubuto miki tun daga lokacin ƙarya ce.

Kin tuna makon da na yi a gida lokacin da Baba ya faɗi? Rana ta uku na ɗauke shi zuwa banɗaki. Mutumin da yake ɗaga ni da hannu ɗaya in leƙa cikin inji, na ji shi a hannuna kamar buhun da aka zazzage rabinsa. Ina cuɗa masa baya ya kalle ni, hawaye suna zuba ta ido ɗaya. Ke kin ga wannan sau dubu kin tsaya. Ni sau ɗaya na gani na gudu. Na'urar ta zame min mafaka: muddin ina haɗa ta, ni ɗa ne mai yi wa ubansa aiki, ba wanda ya tsere ba. Babu wanda ya ɗaure ni a tashar nan, duk shekara da hannuna nake sa hannu a ƙara min wata shekarar.

Da na karanta cewa allon ya goge, abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne. Tsirara na ji. Ba ki tsinke igiya ba, Auta, labule kika yaye.

Ba zan sake yi miki alkawarin da ban tabbata ba. Na karɓi takardar neman hutun shekara, na cike. Tana aljihun rigar aikina yau kwana shida. Kullum ina wucewa ta ƙofar ofishin shugaban tasha, ƙafata tana ƙara sauri. Ina tsoron ɗakin nan, ina tsoron idon nan. Ki yafe min in kina iyawa.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Muna lafiya. Gwaggo ba ta zo ba yau da jiya, gwiwar ta kumbura, sai maƙwabciya na roƙa ta leƙa shi har na dawo. Wasiƙarka ta iso. Batun yafiya mu ajiye shi tukuna, ba ni da sararinsa yanzu.

Na faɗa wa Baba. Da la'asar ne, bayan na juya shi na gyara masa matashi. Na ɗauko allon na ɗora masa a cinya, na durƙusa na faɗi komai, har yawan yaran da maganaɗisun lasifika. Na faɗa masa batun gurbin ma, wanda shekara uku nake ɓoyewa, na ce saura kwana goma sha biyu a rufe. Na zaci zai buga sanda. Bai buga ba. Ya shafa zobban da yatsa a hankali, ya taɓa wayoyin da suka tsinke, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ko dariya ce ko wani abu, Allah ya sani. Na ce, "Baba, me ka rubuta a ciki?"

Sai ya sa farce ya fara ɓanɓare takardar nan ta Matacce. Da hannu ɗaya, ga gam ya fi shekara ashirin, ya daɗe yana fama. Na kai hannu in taya shi ya ture. Da ta fita sai ya kamo hannuna, ya juya bayansa, ya manna min ita. Ya danna da babban yatsa, kusurwa huɗu, yadda na tabbata haka yake yi wa kayansa. Sannan ya rufe ido bai sake ni ba.

Da a wata biyu da suka wuce ne, da na ce zagina ya yi. Yanzu ka koya min karatun rubutunsa. Abin da yake ji da shi ke nan, wanda ba ya son kowa ya ara, wanda ake turawa ƙarƙashin teburi. Shekara ashirin da tara ina zaton ni ce aka bari a waje, ashe ajiye ni aka yi. Na ji daɗi, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Kuma na ji kamar an rufe min kwali a ka.

Na sa hannu a takardar rajista. Ban aika ba, don ba zan bar shi da gwiwar Gwaggo ba, ka san wannan. Direban motarku ya ce gobe zai tashi, wasiƙar nan za ta same ka da sauran kwana takwas. Ofishin shugabanku taku nawa ne daga ɗakinka, kai ka sani. Na'urar ka bar ta inda take, babu abin da za ta karanta. Hannu biyu ake nema, masu ɗaga mutum.

Takardar Baba tana cikin ambulan ɗin nan, ka duba kada ta faɗi. In za ka zo kafin Juma'ar, ka taho da ita, mu manna wa wanda ya fi cancanta a gidan nan, yana nan kwance da ransa. In ba za ka zo ba, kada ka wahalar da kanka da dogon bayani. Ka maido min da ita kawai, zan gane zama ya kama ni. Wurinta a bayan hannuna bai daina danƙo ba.

Ƙanwarka,
Auta